Sallamar Baba Mudi a Ɗakin Gem

Ba na jin akwai ranar da zan manta da yammacin da Baba Mudi ya aiko a ce mu kwashe kayanmu daga ɗakinsa. Ku da kuka fara aiki kwanan nan a wannan kanti kuna ganin yadda nake tsare mai saye da tambayoyi kafin in miƙa masa hedifon, har na ji wasunku na cewa Rabi'u ya fi ɗan duwan, wato ɗan kwastan, bincike. Ban ji haushi ba. Ku dai saurara ku ji inda na samo halin.

Kafin in zo nan Ganhi, ni ne jeran na wani ɗakin gem a unguwar Zongo ta nan Kwatano. Jeran shi ne wanda ake damƙa wa wuri: shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke raba faɗa, shi kuma ake kira in abu ya lalace. Ɗakin gem kuwa shago ne da aka jera talabijin da na'urorin wasa, samari su zauna su buga ƙwallo ko su yi harbe-harbe a allo. Mai wurin ita ce Hajiya Balki, mai sayar da atamfa a kasuwar Misebo. Ba ta taɓa riƙe manet ba, wato abin nan da ake latsawa a sarrafa wasan, kuma ba ta da niyya. Ƙanenta ne ya zuga ta ta shiga harkar, daga baya ya koma Sakkwato ya bar ta da ita. Mu uku muke cin abinci a wurin, ni da abokan aikina biyu, kuma kowannenmu da iyali.

Ɗakin na Baba Mudi ne, a jikin gidansa yake. Dattijo ne haifaffen Zongo, tsohon mai manyan motoci, wanda in an yi rigima a layin gabansa ake zuwa kafin a nemi shef kartiye, wato mai unguwa. Bango ɗaya ne tsakanin talabijin ɗinmu da makwancinsa, bangon ma ba wani mai kauri ba.

Wata rana bayan ƙaramar salla, ana cikin damina, ya kira ni ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi.

"Rabi'u," ya ce, "na ƙare ƙuruciyata ina jin kukan inji tsakanin nan da Malanbil. Na ajiye mota don kunnena ya huta. Yanzu kullum yaƙi ake yi a bayan gadona. Jiya ina ƙailula aka yi ta harbina har na gaji da mutuwa."

"A yi haƙuri, Baba, za mu rage."

"Kun sha ragewa. Zuwa ƙarshen wata, ko in sami shiru ko in sami ɗakina."

Gaskiyarsa ne. In na rage ƙarar na juya baya, wani zai miƙa hannu ya ƙara, don ba mai son buga ƙwallo ba ya jin ihun 'yan kallo. Na hau zem, wato babur ɗin haya, na je Misebo na sami Hajiya tana auna wa wata mata turmi. Na ce mafita ɗaya ce: a kashe lasifika gaba ɗaya, kowane mai wasa ya sa hedifon, ko kask yadda yaran Kwatano ke cewa, a jona shi a jikin manet.

"Wannan zai hana tsohon nan korarmu?"

"In Allah ya so, Hajiya."

"To je ka duba. Amma kada ka kwaso mini tarkace, Rabi'u. In an tashe mu daga ɗakin nan sayar da injinan zan yi in ƙara a atamfa, ba ni da ƙarfin neman wani wuri."

Da wannan maganar na fito. Na san ba barazana take yi ba.

A lokacin, a wurina hedifon hedifon ne. Wani mai zuwa wurinmu, mai haɗa kiɗa, ya ara mini nasa, wani mai kyau da raga a bayan kunnuwansa. Da na sa, sai na ji kamar an buɗe mini fili, kowane kiɗa da mazauninsa. Na ce shi ke nan na samu. Ina cikin jin daɗi abokin aikina ya taso daga can ƙarshen benci ya taɓa ni, yana rera waƙar da nake ji, baiti bayan baiti. Ashe duk abin da ke shiga kunnena yana fita ta ragar. Na ƙiyasta irinsa cike da ɗaki, na ga an gudu ba a tsira ba.

Washegari na zo nan kantin. A lokacin wadda ke kan kujerar da nake kai yanzu ita ce Madam Rozali, shugabar masu sayarwa, mace mai tsawo da tabarau, tana jin Hausar kasuwa daidai gwargwado. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Na me kake so? Gem, kiɗa, ko tafiya?"

"Duk ba ɗaya ba ne, Madam?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ɗauko guda biyu ta juya mini bayansu. Ɗaya da raga, irin wanda aka ara mini; shi ne mai buɗaɗɗen baya. Ɗayan a shafe yake kamar murfin kwano. Shi ne mai rufaffen baya. Ta ce mai ragar na mutumin da ke zaune shi kaɗai ne a ɗakin da ba hayaniya, don yana barin sauti ya fita, yana barin na waje ya shigo. Rufaffen kuwa yana tsare naka a ciki, ya tare na waje. Shi ya sa matafiyi ke nemansa, ya yi doguwar hanya a bas yana jin abinsa bai dami na kusa da shi ba, kukan inji kuma bai cinye masa sauti ba. Mai kiɗa a cikin jama'a ma shi zai ɗauka, ko da ya rasa ɗan faɗin nan da mai raga ke bayarwa.

Na yini a kantin nan. Na sa Madam ta ɗora kowanne a kanta ta ƙure ƙarar, ni kuma in tsaya kusa da ita in kasa kunne. Wanda na jiyo yoyonsa in ture shi gefe. Na ƙi marasa waya, ko da yake sun fi ɗaukar ido, don sai an yi musu caji, wasu kuma sautinsu na ɗan makara, ka buga ƙwallo sannan ka ji ƙarar. Ban da haka, abin da ba a ɗaure ba a ɗakin samari ƙafa yake yi. Na ƙi masu dukan ƙirji da yawa, don mai wasan harbi so yake ya ji takun abokin gaba ta hagu ko ta dama, ba rugugi ba. Sai maganar matashin kunne. Na yadi ya fi sanyi, amma yana shan gumi yana kuma barin sauti ya zurare. Mai kama da fata ya fi rufewa, sai dai a laimar Kwatano ba ya daɗewa yake saɓulewa. Na zaɓi mai kama da fatar, amma irin wanda ake cire matashin a canza, wayarsa ma ana zare ta a sa wata. Har waje na fita da shi, na tsaya bakin titi cikin hon ɗin 'yan zem, in ga ko zai matse kai ko zai tare ƙara.

"Kai dai ba ka da sauƙi," in ji Madam, tana ɗaure mini kwalaye.

"Abincina ne a ciki, Madam."

Ranar farko da muka kashe lasifika, sai wata sabuwa ta ɓullo. Wanda ya rufe kunnensa ba ya jin muryarsa, sai ya riƙa magana kamar yana kiran wani a tsallaken kogi. Bindigogi sun yi shiru, amma samari na ta kwarmato. Na ɗaure ƙarar kowace na'ura a tsaka-tsaki yadda ba mai iya ƙarawa, na kuma kafa doka: wanda ya yi ihu in dafa kafaɗarsa, in ya maimaita ya miƙa manet. Cikin 'yan kwanaki ɗakin ya koma ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na yatsu da kukan fanka. Nakan tsaya a tsakiya in ji daɗi har cikin raina. Na je na manna kunne a bango, na ce Baba yau ko barcin wuni yake so ya samu.

Sai ga ranar da na fara muku da ita. Bayan la'asar na tafi Misebo in ba Hajiya labari mai daɗi. Abokin aikina ɗaya yana hutu, ɗayan yana zaune da hedifon a ka yana gwada wani sabon wasa. Ina dawowa, mai soya doya da ke tsallaken titi ta yafuto ni.

"Malam Rabi'u, yau kun yi ta."

"Me ya faru, Iya?"

Ta ce Baba Mudi ya fito da kansa, da fara'arsa, da alama ya zo ne ya sa mana albarka. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama. Shiru. Ya sake, ya ɗaga murya, har ita ta amsa daga inda take. Ya yi ta uku. Talabijin ɗinmu duk a jikin bangon ciki suke, don haka abin da ya gani kawai ƙeyar samari ce a jere, ba wanda ya ko motsa, kuma a cikinsu har da waɗanda shi ya ɗaura wa iyayensu aure. Mutane na zaune a layin suna kallo. Ya gyara hularsa ya juya.

Kafin magariba saƙo ya iso: ƙarshen wata yana nan yadda yake, a bar masa ɗakinsa, ya riga ya yi wa wani tela magana.

Na kira Hajiya a waya na gaya mata, ta ce, "Garin gyaran gira mun rasa ido. Rabi'u, bar shi kawai. Dattijo irin wannan in ya furta ya furta. Zan sa a nemo mai sayen injinan."

"Hajiya, ki ba ni zuwa ƙarshen watan. Kada ki kira kowa tukuna."

"Me za ka yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba zan rufe ɗakin nan a kan sallama ba."

Da safe na ɗauki hedifon ɗaya na tafi wurinsa, don zuwa da kai ya fi aike. Dabarata ita ce in sa masa shi a kunne, in yi masa magana, ya tabbatar da kansa cewa yaran ba su ji ba. Na same shi a kan tabarma yana shan koko. Na gaishe shi ya amsa, ba yabo ba fallasa. Na miƙa abin ina bayani. Ko hannu bai ɗaga ba.

"Mayar da shi jakarka. Kana tsammani ban san ba su ji ba?"

Na mayar da shi jaka.

"Na sani sarai. Abin da ya dame ni ke nan. Kurma in bai amsa ba, ba laifinsa ba ne. Waɗannan da hannunsu suka toshe kunnensu, suka ba ƙofa baya. Yau ni ne. Gobe uwar wani ce za ta zo nemansa mahaifinsa ba lafiya, ta tsaya tana magana da ƙeya. Hayaniya na yi haƙuri da ita shekara da shekaru, Rabi'u. Amma ɗakin da za a yi sallama ba a amsa ba, ba a jikin gidana ba."

"Baba, in na gyara fa?"

"Ni ban ce ka gyara ba, ban ce kada ka gyara ba. Tela zai zo ya auna ɗaki."

Na fito raina a jagule, amma na riƙe abu ɗaya: bai ce kada in gyara ba. Na dawo nan wurin Madam, na ce ko in musanya su da masu raga, tunda su suna barin muryar waje ta shiga. Ta girgiza kai. Ta ce in na yi haka yoyon zai dawo, kuma mai wasa in wasa ya yi zafi ko da mai ragar ba lalle ya ji ba. "Kayanka ba su da laifi," in ji ta. "Ka sayi abin da ya dace. Je ka duba ɗakinka."

Na je na duba ɗakina. Na tsaya daidai inda Baba ya tsaya, na ga abin da ya gani. A nan na gane cewa tunda na ɗauke musu kunne, dole in ba su ido.

Ranar ba mu buɗe ba. Muka kira kafinta da mai gyaran wuta. Muka sauke talabijin duka daga bango, aka yi musu dogon teburi a tsakiyar ɗaki, bayansu na kallon titi. Benci ya koma jikin bangon ciki, yadda duk wanda ya zauna fuskarsa na kallon ƙofa, kuma muka rage tsayin teburin don a riƙa hango mai shigowa ta saman allo. Teburina na jawo shi bakin ƙofa. Na ce daga yau mai tsaron ɗaki ba ya sa hedifon, ko da sabon wasa ne ya sauko daga sama. Su kuma masu wasa, duk wanda ya ga inuwar mutum a ƙofa ya zame kunne ɗaya, in babba ne a tsayar da wasa.

Ba kowa ya so ba. Sai a lokacin na gano cewa wasu ba don allo suke son kallon bango ba. Akwai wanda aka aika kasuwar Dantokpa ya biyo ta wurinmu, akwai wanda ubansa ya san yana lakwal, wato makaranta. Ƙeya ba ta da suna, amma fuska tana da shi. Cikin mako guda irin waɗannan suka watse, suka koma wani ɗakin gem a Godomey inda ba wanda ya san iyayensu. Benci ya yi gibi. Abokin aikina ya ce na kori masu saye don in faranta wa wanda ya riga ya kore mu. Tela ma ya zo da igiyar awonsa a wuya, ya auna ɗakin muna zaune, har yana tambayata ko fankar tamu ce ko ta gida. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na ba shi kujera na amsa masa.

Baba kuwa kullum sai ya wuce ta gabanmu zuwa masallaci. In miƙe in gaishe shi, ya amsa, ya saci kallon cikin ɗaki ta wutsiyar ido, ya wuce. Bai sake tayar da maganar ɗakin ba, ni ma ban roƙe shi ba. Na riga na yi abin da zan iya, kuma na ƙudura ko ranar ƙarshe ce haka zai same mu.

Ana jibi wata zai ƙare, da yamma, ya tsaya a gabana.

"Rabi'u, tsallaka wurin mai teburin can ka karɓo mini goro. Ka zaɓa da kyau, ban son mai tsutsa."

Ni kaɗai ne a bakin aiki a lokacin. Na gane nufinsa sarai: so yake ya ga ɗakin ba ni. Na so in leƙa in yi wa samarin ishara, amma idonsa na kaina. Na tsallaka titi. Mai goro na nuna mini fari da ja, ni kuwa wuyana a karkace.

Na ga Baba ya taka bakin ƙofa. Daga inda nake ban ji muryarsa ba, daga baya aka ce mini ƙasa-ƙasa ya yi sallamar, yadda ko mai kunne a buɗe sai ya kasa zai ji. Abin da na ji shi ne amsar. Ɗaki guda ya ɗauka a tare, da irin muryar waɗanda suka daɗe kunnensu a rufe, "Wa alaikumus salam, Baba!" Har mai soya doya ta saki matsaminta. Na hango su a tsaye, hedifon a wuya, ƙwallo na ta yawo a allo ba mai bin ta.

Na dawo da goro na miƙa masa. Ya karɓa, ya ɓare ɗaya, ya ba ni rabi.

"Sun cika ihu," ya ce.

"Za a rage, Baba."

"A'a. Wannan kada a rage." Ya juya zai tafi, sannan ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa Hajiya ta bar injinanta. Tela zan ba shi ɗakin baya."

Na zauna a kujerata, na ɗauki waya na kira Hajiya.

Na ƙara shekaru a ɗakin kafin Madam Rozali ta yi ritaya ta ba da sunana a nan. Abin da na taho da shi ke nan. Zaɓen mai rufaffen baya ba wuya: ku duba yoyonsa, ku duba matashinsa, ku duba wayarsa, ku bar mutum ya sa shi ya ɗan jima ya ji ko yana matse shi. Wannan kowa zai iya koya cikin mako. Amma mu ba sauti kaɗai muke sayarwa ba, har da rashin ji muke haɗa wa mutum a kwali. Don haka in ya gama gaya muku abin da yake so ya ji, ku tambaye shi inda zai zauna da shi, da wanda zai iya kiransa a wurin. Matafiyi a bas, a ba shi wanda ya fi kowanne rufewa. Ɗan zem in ya ce zai sa yana tuƙi, ku hana shi ko da zai zage ku. Mai jego da ke son jin waƙa, ku tuna mata da jaririn da ke ɗaki. In kuma saurayi ne daga Zongo, ku ce masa in zai zauna ya fuskanci ƙofa.